Za mu kai yara bakin teku mu kwana a tanti cikin damina: me za mu tanada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Tudun Wadan Zariya. Ina so in kai maiɗakina da yaranmu huɗu Legas a dogon hutun Agusta, mu yi kwana uku a tanti a bakin teku. Babban shekararsa 12, ƙaramar kuma 3, kuma babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu. Damuwata ruwan sama. Wane irin tanti zan saya, kuma me zan tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ruwan da ke sauka daga sama shi ne mafi sauƙi a cikin abubuwan da za ka fuskanta. Tanti mai kyau da tamfol guda sun ishe ka a kansa. Abubuwan da ke ɓata irin wannan tafiya, wani lokaci har da asarar rai, su ne ruwan da ke bin ƙasa, da iska, da tsawa, da hayaƙin gawayi a rufaffen wuri, sannan tekun kansa. Saboda haka zan fara da lokacin da ka zaɓa.

A Zariya Agusta ne tsakiyar marka. Legas kuwa daminarta kashi biyu ce: ruwa ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Ta fuskar ruwan sama ke nan Agusta ba shi da laifi sosai a can, ko da yake gari kan wuni a lumshe, kuma yayyafi ba ya sallama. Matsalar ita ce a watannin damina ne igiyar teku ta fi hauka a gaɓar Legas. Teku ya fi kwanciya daga Disamba zuwa Fabrairu. Idan burinka yara su taɓa ruwa, hutun Disamba ya fi maka, kuma da shi nake ba da shawara ga mai 'yar shekara 3. Idan kuwa Agustan ne kaɗai ke hannunka, ku je da niyyar wasa a yashi da kallon teku, shiga ruwa kada ya wuce idon sawu.

Wurin kwana ma sai ka zaɓa da kyau. Kada ka kafa tanti a inda ka ga dama don ka ga fili. Nemi wurin shaƙatawa mai shinge da masu gadi, wanda ya yarda a kwana, yana da banɗaki da ruwan famfo da wani gini da za a iya fakewa a ciki. Ka kira su kafin ka bar gida ka tambayi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ka kuma tambayi ko suna kiɗa da daddare, don wasu wuraren ba su dace da iyali ba a ƙarshen mako. Tarkwa Bay ya fi yawancin gaɓar Legas kwanciyar ruwa saboda katangun duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa sun kare shi, amma sai da kwalekwale mai inji ake zuwa. Wannan na nufin idan yaro ya kamu da zazzaɓi da tsakar dare, asibiti ya yi nisa. In za ku hau kwalekwale, kowa ya sa rigar kariya daidai jikinsa a ɗaure ta, kuma kada ku hau bayan magariba ko lokacin da hadari ya haɗo.

Yanzu tanti. Adadin mutanen da ake rubutawa a jikin jakarsa lissafi ne na mutane kwance kafaɗa da kafaɗa ba tare da kaya ba. Ku shida ne, don haka tanti biyu masu cin mutum huɗu-huɗu sun fi guda ɗaya babba: sun fi jure iska, sun ba ku damar raba makwanci, kuma idan ɗaya ya yi yoyo kuna da wurin komawa. Dole tantin ya zama mai rufi biyu, na ciki mai raga, na waje mai hana ruwa wanda ya sauko kusan ƙasa. Mai rufi ɗaya ko bai yi yoyo ba za ku farka a jiƙe, domin numfashin mutane yana taruwa a jikin ledar ya riƙa ɗigowa. Duba lambar da ke nuna ƙarfin hana ruwa, ana rubuta ta da milimita. 1,500 na yayyafi ne. Don ruwan ƙasarmu nemi 3,000 a rufi, ƙasan kuma 5,000 in da hali, kuma ƙasan ya zama ya naɗo sama kamar taƙi guda a kowane gefe. Juya rufin ka duba ɗinki: ya kamata a ga siririyar leda a manne a kan kowane layin ɗinki daga ciki, don ta ramin allura ruwa ke fara shiga. Idan na gwanjo ne, shafa cikin rufin da hannu. In ya yi danƙo ko yana ɓarewa kamar garin alli, maganin hana ruwan ya mutu, kada ka saya ko nawa aka rage maka.

Abin da ya fi tantin amfani da rana shi ne tamfol. Sayi mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5 a kasuwar Sabon Gari, da igiyar nailan mita 30, da turaku kamar 20, da sanduna biyu masu tsawon mita 2 da rabi. A ƙarƙashinsa za a zauna, a ci abinci, a yi salla, a cire jiƙaƙƙun kaya kafin a shiga tanti. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne shimfiɗa shi a kwance. Ruwan sama mai milimita 20, wanda ba wani babban ruwa ba ne, yana zuba lita 400 a kan tamfol mai wannan girman, wato jarka 16 ta lita 25. In bai samu hanyar gangarawa ba sai ya taru a tsakiya ya yi tumbi, ya tsinke igiya ko ya karya sanda a kan mutane. Ja igiya ɗaya mai ƙarfi tsakanin sandunan, ka ɗora tamfol a kai ya sauka gefe biyu kamar jinka, ka ja kusurwoyin su yi tauri, ka kuma lura inda ruwan zai zuba ba ƙofar tanti ba ce.

Akwai kuma ledar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin tanti. Dole ta fi ƙasan tantin ƙanƙanta da kamar yatsu huɗu a kowane gefe. Idan bakinta ya leƙo waje, ruwan da ke gangarowa daga rufi zai sauka a kanta ya bi ya kwanta a ƙarƙashinku, da safe a ce tanti ya yi yoyo alhali shimfiɗar ce ta jawo.

Kafin ka kashe kuɗin mota, yi gwaji a gida. Agustan Zariya ya ishe ka. Kafa tantunan da tamfol a tsakar gida da rana, ka sa manyan yaran su taya ka har kowa ya san aikinsa, ka bar su ruwa ya dake su, ku kwana ciki dare ɗaya. A nan za ka gane ɗinkin da ke ɗiga, da zif ɗin da ke cijewa, da sandar da babu a jaka, da yaron da ba zai iya barci a duhu ba. Duk wanda ya fara buɗe jakar tantinsa a bakin teku da magariba, iska na kaɗawa, yara na kuka, ya makara.

Wajen kafawa, duba ƙasa kafin ka duba kyawun wuri. Nemi ɗan tudu, ka guji kwari da duk inda ka ga alamar zaizaya ko tarkacen da ruwa ya ajiye. Kada ka kafa a gindin kwakwa, ƙwallonta da ganyenta suna faɗowa ko babu iska. A Zariya hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa a gida za ka ba gabas baya. A gaɓar Legas iskar yau da kullum daga teku take busowa, ta kudu maso yamma, don haka ƙofa ta kalli tudu, bayan tanti ya kalli ruwa, amma ka ɗaure igiyoyin kowane gefe saboda guguwar hadari ba ta bin wannan tsarin. A ƙasa mai tauri ana kafa turke a karkace, kansa na kallon nesa da tanti. A yashi kuwa siraran turakun da ke zuwa da tanti ba su riƙe komai. Tafi da ƙananan buhuna goma sha biyu, ka cika kowanne da yashi, ka ɗaura igiya a tsakiyarsa, ka binne shi zurfin kamu ɗaya ka tattake. Igiyar nailan da rufin tanti suna saki idan sun jiƙe, sai ka sake jan su bayan ruwa ya fara da kuma kafin a kwanta, don kada rufin waje ya taɓa na ciki. Inda suka haɗu nan ruwa ke ratsowa. Haka ma jaka ko katifa in ta jingina da bango.

Wani abin da ɗan Arewa bai saba da shi ba shi ne teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kamar awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Cikar ta fi girma a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Busasshen yashin da ka gani da azahar yana iya zama cikin ruwa da tsakar dare. Nemi layin tarkace mafi nisa da ruwa, inda robobi da ciyayi suka jeru, ka wuce shi sosai zuwa inda ciyawa ta tsiro, sannan ka tambayi ma'aikatan wurin ko ruwa ya taɓa kaiwa nan.

Tsawa ba ta da magani a tanti. Sandunansa da ledarsa ba sa kare kowa, fili irin na bakin teku kuma yana cikin wurare mafi haɗari. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙara. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In ƙirgar ba ta kai daƙiƙa 30 ba, kowa ya fita daga ruwa da tanti ya shiga gini ko mota a rufe gilashi, kuma kada a fito sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. Gindin bishiya da rumfar kwano marar bango ba mafaka ba ne. Wannan ne dalilin da na ce ka nemi wuri mai gini. Ka riƙa duba hasashen yanayi na hukumar NiMet kowace safiya, amma idonka a kan sama ya fi.

Idan ruwa ya tsuge aka ji sanyi, abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne a shigo da kurfoti ko risho cikin tanti a zuge zif. Kada a yi, ko na minti biyar. Gawayi da gas da kananzir da janareto suna fitar da wata iska mai guba marar wari marar launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da kasala, in yana barci kuma ba ya farkawa, yara ne kuma take fara kayarwa. Garwashin da ya yi kamar ya mutu ma yana fitar da ita. A yi girki a gefen tamfol inda iska ke wucewa, nesa da ledar, tukunyar gas a tsaye a ƙasa mai tauri. Maganin sauro na kunnawa shi ma a waje. Haske kuwa tocila da fitilar sola, ban da kyandir.

Lissafin ruwa: sha da girki kamar lita 5 ga kowane mutum a yini, wato lita 30 gare ku. In aka haɗa da alwala da wanke-wanke da ɗauraye gishiri daga jikin yara, ka ƙaddara lita 15 ga kowa, lita 90 ke nan, kusan jarka huɗu kullum. Ba za ka ɗauko wannan daga Zariya ba, dole wurin ya kasance da famfo. Na sha ka sayi na roba, ko ka tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, amma ba a sha kuma sabulu ba ya kumfa da kyau a ciki.

Abinci kuwa namu na gida ya fi dacewa da wannan tafiya: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, soyayyar gyaɗa, dabino, cincin, da kayan shayi. Ƙara taliya da kifin gwangwani da soyayyen yaji a kwalba, abubuwan da ke dahuwa cikin minti goma. Laimar Legas tana sa kilishi da ƙuli su yi laushi su yi funfuna, sai a zuba su a roba mai murfi, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. Fura da nono ba sa kwana. Dafaffiyar shinkafa in ta wuce awa biyu a waje ba a ba yara. Kula mai ƙanƙara tana aiki ne in ba a yawan buɗe ta, kuma dunƙulalliyar ƙanƙara ta fi farfasasshiya daɗewa. Ashana a sa ta a kwalba.

Tufafi: a ƙulla kayan kowane yaro na kowace rana a ledarsa daban, sannan kowa ya kasance da kayan barci guda waɗanda ba sa fita daga tanti ko da me. Wandon jins da shadda mai kauri ba sa bushewa a wannan yanayi, ku ɗauki marasa nauyi. Ƙaramar ta fi kowa saurin ɗaukar sanyi. In ta jiƙe tana rawar ɗari, a cire mata kayan nan take, a goge ta, a sa mata rigar sanyi da hula, a ba ta abu mai ɗumi. Katifar soso tana shan ruwa, a naɗe ta da leda ko a yi amfani da wadda ake hurawa. Takalma a bar su ƙarƙashin tamfol a kife, a kakkaɓe kafin a sa saboda kunama. Don ranar da ruwa ya hana fita, ludo da dara da takardar zane sun isa, da daddare kuma tatsuniya.

Sai tekun. Yaron da ya iya iyo a kududdufi ko a kogin Galma shi ya fi ba ni tsoro, don yana ganin ya san ruwa. Gaɓar Legas tana da gangare. Igiya takan fashe dab da bakin yashi, ta kayar da babba a ruwan da bai wuce gwiwa ba, in tana komawa kuma ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafa. Akwai kuma wata siririyar hanya da ruwa ke bi da gudu yana komawa ciki. Alamarta ita ce wurin da ya fi duhu, igiya ba ta fashewa a kansa, kumfa da tarkace na tafiya ciki. Wurin yakan yi kama da mafi kwanciya, shi ya sa baƙi ke zaɓarsa. Wanda ta ja kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya kwanta rigingine, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe a layin gaɓa har ya fita daga jan. Na kan tudu ya kira masu ceto, ya jefa jarka marar komai mai murfi ko wani abu mai yawo a kan ruwa, kada ya faɗa. Lambobin gaggawa a Legas 112 da 767 ne.

Nutsewar yaro ba ta da ihu, kuma ba ta ɗaukar lokaci. Ku raba aiki kai da maiɗakinka: wanda ke gadi ba ya riƙe waya, ba ya ɗaukar hoto, in zai tashi sai ya faɗa da baki an karɓa. 'Yar shekara 3 ba ta wuce inda hannu zai kai gare ta. Kada a ɗora wa ɗan shekara 12 gadin ƙannensa. Tayar roba da ake hurawa abin wasa ce, iska ma tana iya tura ta ciki da yaron a kai. Kada kowa ya ba teku baya. Ga mata, dogon hijabi da zani in sun jiƙe suna yin nauyi su naɗe ƙafa, don haka ko a bakin ruwa za a tsaya, riga da wando marasa nauyi da ƙaramin hijabi sun fi aminci. Ɗan tamfol na biyu da sanduna huɗu sun isa a yi makewayin canza kaya. Rana kuma tana ƙona fata ko gari a lumshe yake: daga 11 na safe zuwa 3 na yamma a zauna a inuwa, a shafa wa yara man kariya mai lamba 30 ko sama, a yi ta ba su ruwa.

In ka ce bari a haƙura da Legas a je wani dam kusa da gida, ka sani ruwan dam da tafki da rafi mai tafiya a hankali suna da tsargiya. Ƙwayar tana fitowa daga dodon koɗi ta ratsa fata, sai bayan makonni a ga yaro yana fitsarin jini. Ruwan gishiri ba shi da ita. Ga kuma kwana a daji ko gefen dutse a wannan yankin namu, wanda halin tsaro bai bari in ba kowa shawararsa ba.

Jakar magani ta ƙunshi farasitamol na manya da na yara, ma'aunin zafi, filasta da bandeji, maganin wanke rauni, da fakitin ruwan gishiri da sukari tare da zinc. In fakitin ya ƙare, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sauro: a zuge ragar tanti tun kafin magariba, a sa dogon hannu, a shafa maganin korar sauro da ke da sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30, ban da tafin hannun yara da fuska. Zazzaɓin cizon sauro ba ya bayyana sai bayan mako guda ko fiye, don haka zazzaɓin da ya zo bayan kun dawo a yi gwaji kafin a sha magani. Saran maciji: ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti.

Hanyar ta haura kilomita 800, kuma da damina da yara huɗu ba tafiyar yini ɗaya ba ce. A raba ta biyu, a kwana a hanya, ban da tafiyar dare, a duba taya da birki da abin share gilashi. Ka ware kuɗin ɗakin otal na dare ɗaya wanda ba za a taɓa ba, don daren da iska ta fi ƙarfin tanti ko yaro ya kwanta.

Ranar tashi, in tantin a jiƙe yake, naɗe shi haka nan a buhu, amma da kun iso Zariya a buɗe shi a ranar. Kwana biyu a naɗe da laima ya isa ya yi funfuna da warin da ba ya fita. A ɗauraye zif da sanduna da turaku da ruwan famfo saboda gishiri yana cin ƙarfe, a shanya a inuwa har ɗinkin ya bushe, a goga ɗan kyandir a haƙoran zif, sannan a ajiye a wurin da ɓera ba ya kaiwa.